Ɓerayen farfaɗiya na Jackson Laboratory, ra'ayina

Masu bincike kan farfaɗiyar gado, wallahi in kuna neman ɓeran gwaji ku duba na Jackson Laboratory da ke Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka, tun 1929 suke wannan harka. Mu a lab ɗinmu mun ɗauki masu naƙasa a ƙwayar halittar Scn1a, irin matsalar da ke kawo ciwon Dravet, wata farfaɗiya mai tsanani, ga jarirai.

Abin da ya fi burge ni, ɓeran yana tasowa lafiya ƙalau kamar ba komai, sai wajen sati na 3 kawai jijjiga ta fara, daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ta koma dogaro da wannan ƙwayar, kuma in ka ɗan ɗaga zafin jikinsa nan take ta tashi, kamar dai yadda zazzaɓi ke tayar wa yaro.

Amma fa a kula da jinsi, wato irin zuriyar ɓeran. A kan irin da ake kira 129 kusan ba ka ganin komai, sai ka haɗa shi barbara da wani irin da ake kira C57BL/6 sannan ciwon ya fito sosai, da yawa ma mutuwa suke tun suna ƙanana, to a tanadi isassu kafin a fara auna ƙwaƙwalwa.