Quickshade na Army Painter kan sojojin Rum: ra'ayina daga nan Garwa

Jama'a masu tambayata ko wannan gwangwanin Quickshade, ruwan da ake yi wa ƙananan sojojin wasa inuwa da shi, ya cancanci wahalar kawo shi Kamaru, amsata a taƙaice eh ya cancanta, amma ga wanda yake son haɗa runduna guda ya ɗora kan tebur a buga wasa. In soja ɗaya kake so ka zauna ka ƙawata shi ka ajiye a kabad, wannan ba naka ba ne, ka nemi fentin ruwa da siririn burushi ka bi a hankali.

Ga wanda bai sani ba, sojojin nan na roba ne, tsayinsu milimita 28, irin waɗanda Victrix da Warlord Games na Ingila suke yi, ana haɗa su da gam a yi musu fenti sannan a yi wasan yaƙi da su da dokoki irin Hail Caesar da ya fito a 2011. Matsalar Rumawa ita ce yawa, sai ka tara ɗari ko fiye kafin tebur ya yi kyan gani, kuma duk shigarsu ɗaya, sulke ɗaya garkuwa ɗaya kwalkwali ɗaya, in ka ce kowanne sai ka yi masa inuwa da haske da hannu wallahi kafin ka gama sha'awar ta fita daga ranka. Nan ne Quickshade yake shigowa. Kamfanin na ƙasar Denmak ne, gwangwanin mililita 250, kuma a gaskiya banish ne mai kauri da aka zuba wa launi, kala uku ne, Soft Tone ruwan ƙasa mai haske, Strong Tone ruwan ƙasa mai duhu, sai Dark Tone baƙi. Kai dai ka shafa wa soja kalolinsa a shimfiɗe ba wani ado, ja a riga, azurfa a ƙarfe, kalar fata a hannu da fuska, sai ka rufe shi duka da wannan abu, shi zai gangara ya kwanta a cikin kowane lungu da tsaga ya bar tudun da haske.

Ni Strong Tone na saya kuma shi nake ba kowa shawara in dai Rumawa ne. Dalili shi ne sulken nan nasu na ƙarni na farko da na biyu, lorica segmentata, faffaɗan ƙarafa ne a jere ɗaya kan ɗaya a ƙirji da kafaɗa, irin wanda aka sassaƙa a ginshiƙin sarki Trajan da aka gama a shekara ta 113 a birnin Rum. Tsakanin kowane ƙarfe da ɗan uwansa akwai layi, to ruwan nan yana shiga layukan ya fito da su tsaf, abin da da hannu zai ci maka dare guda. Haka yake yi wa igiyoyin takalmi da ɗamara da yatsun da suka riƙe mashin pilum. Sojojin taimako masu sulken zobba kuwa, irin wanda mahaya suke sawa gaban Lamiɗo ranar hawan sallah, su ne suka fi kowa cin moriya, shafa ɗaya kowane zobe ya fito. Dark Tone ya fi kyau kan ƙarfe zalla amma yana kashe jan riga ya mai da fuska kamar ba ta da jini, Soft Tone kuma sai in farar riga ka zaɓa, don har yau masana tarihi ba su daidaita ba kan ko ja sojan Rum yake sawa ko fari. Ko wanne ka ɗauka ka tuna abin yana dusashe kala, don haka jan da za ka sa a ƙasa ya zama mai haske fiye da yadda kake so ya ƙare.

Su kamfanin hanyar da aka san su da ita ita ce ka kama soja da filaya ka tsoma shi cikin gwangwani ka fizgo ka kaɗe. Ni ban goyi bayan wannan ba, ɓarna ce ga mu da abin yake zo mana da ƙyar, rabi a ƙasa yake ƙarewa. Ka samu tsohon burushi ka shafa, sannan kafin ya fara kamawa ka tsotse inda ya taru, musamman ƙasan garkuwa da gefen riga da tsakanin ƙafafu. Kuma ka juya gwangwanin sosai da tsinke kafin ka fara don launin yana kwanciya a ƙasa. Ruwa ba ya wanke shi, sai white spirit, wannan kam akwai shi a shagunan kayan gini a babbar kasuwa. Yana da wari mai ƙarfi, a tsakar gida ake yinsa ba cikin ɗaki da yara ba.

Toh inda namu ya bambanta da na Turawan da kuke gani a YouTube shi ne yanayi. A Maris da Afrilu Garwa tana haura digiri 40, a irin wannan zafi banish ɗin yana fara danƙo da wuri ƙwarai, don haka soja biyu ko uku za ka riƙa yi a lokaci ɗaya, da asuba ko bayan isha'i, kuma ka riƙa rufe murfin don kar ya yi fata a sama. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, abin yana buƙatar aƙalla awa 24 kafin ya bushe kuma duk ƙurar da ta sauka a kansa ta zauna kenan har abada, ni cikin kwali nake jera su in rufe da wani kwalin mai 'yan huji a gefe. In ya bushe zai yi ƙyalli sosai, kar hankalinka ya tashi, haka yake, sai ka bi shi da banish mai kashe ƙyalli sannan za ka ga ainihin aikin. Na fesawa ka kiyaye shi a watan Agusta, laimar damina tana sa shi ya yi fari-fari kan soja, na shafawa da burushi ya fi kwanciyar hankali. Amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarfi, bayan wannan rufi biyu sojan ko ya faɗi kan siminti fentin ba ya ɓarewa da sauƙi, ga masu ɗaukar kaya a bayan moto zuwa gidan aboki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu za su ce me ya sa ba Contrast na Citadel ba, wanda ya fito a 2019, ko Speedpaint na shi Army Painter ɗin, wato fentin da shafa ɗaya yake ba da kala da inuwa tare. Suna da kyau, da ruwa ake wanke su, ba wari, suna bushewa nan da nan, kan alkyabba da fata ma sun fi shi. Amma kowace kala kwalbarta daban, kuɗin yana taruwa, in Contrast ne kuma ƙarfe dole sai ka koma ka sa fentin ƙarfe, sannan kan faffaɗar garkuwa sukan yi dabbare-dabbare. Garkuwar ma ko da Quickshade ɗin kaɗan nake taɓa ta, na fi son jan ya fito sosai kamar wadda aka tono a Dura-Europos ta ƙasar Siriya. Sauƙinsu ɗaya da ba zan musa ba shi ne zuwa, don gwangwanin Quickshade abu ne mai kama wuta, masu aikawa da yawa ba sa yarda su sa shi a jirgin sama, gara ka nemi mai kawo kaya ta ruwa zuwa Duwala. In hakan ya gagara akwai Strong Tone na ruwa a ƙaramar kwalba, kalar kusan ɗaya sai dai ba ya ba da wannan kariyar.

Tawa rundunar na yi ta ne a matsayin Legio III Augusta, wadda ta zauna a Lambaesis cikin Aljeriya ta yau, don ita ce ta Afirka, kuma Ptolemy, masanin labarin ƙasa na zamanin Rumawa, ya rubuta cewa wani Julius Maternus ya bi sarkin Garamantes, mutanen hamadar Libiya ta yau, tafiyar wata huɗu kudu har ƙasar Agisymba mai karkanda, wadda wasu masana suke ganin wajen Tibesti ko tafkin Chadi take. Shi ya sa gindin sojojina yashin Binuwai na tankaɗe na manna, kuma ruwan ƙasar Strong Tone ya dace da shi ƙwarai. Wanda yake Garwa ko Marwa yana son gwadawa kafin ya kashe sefarsa, gwangwani ɗaya ya ishi mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba.