Na'urar taro ko lasifikar kiɗa: wadda ta dace da zaman tattara shawarwari ta waya

Malam, ka tambayi wace na'ura za ka saya don zaman tattara shawarwari da wasu ke ɗaki wasu kuma ke kan layi. Tsakanin biyun da ka ambata, wato na'urar taro ta Anker PowerConf da lasifikar Bluetooth ta sauraron kiɗa mai makirufo a jiki, ka sayi ta farkon, ko da kuɗinta ya fi yawa.

Zaman tattara shawarwari ya bambanta da taron da shugaba ke magana saura suna saurare. A cikinsa mutane suna katse juna, wani ya fara magana wani ya ƙarasa masa, kuma sau da yawa shawarar da ta fi amfani takan fito ne daga bakin wanda ya faɗe ta a hankali daga ƙarshen tebur. Idan waɗanda ke kan layi ba su ji irin wannan maganar ba, sukan yi shiru su zama 'yan kallo. PowerConf tana da makirufo shida da ke ɗaukar murya daga kowane ɓangare, tana rage amsa-kuwwa da hayaniyar ɗaki, ana haɗa ta da waya ta Bluetooth ko da kwamfuta ta USB, kuma kamfanin ya ce cajinta yana kai awa 24 ana magana. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar zama.

PowerConf ɗin nake amfani da ita a ƙungiyarmu ta masu sarrafa gyaɗa. A wani zama da muka yi kan yadda za mu rage kuɗin dakon kaya, muna ɗaki a Kano, wasu 'yan ƙungiya kuma suna kan layi daga Maraɗi da Kaduna. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ƙofa, wadda ba ta saba ɗaga murya ba, ta ce da ma a riƙa haɗa kayan mutum uku a mota ɗaya. Mu da ke kusa da ita ba mu kula ba, saboda fanka na ƙara kuma hankalinmu na kan mai jawabi, sai ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ce, "Hajiya, don Allah ki maimaita abin da kika faɗa." A kan shawararta aka tashi, kuma har yau da ita muke aiki.

Lasifikar kiɗa kuwa ina da ita, tana da ƙara da daɗin sauti, amma makirufonta ɗaya ne, sai wanda ya sunkuya a kanta ake ji.

Akwai abin da na'ura ba za ta yi maka ba. Waya ɗaya kaɗai za ta shiga kiran daga cikin ɗakin, domin idan biyu suka shiga sautin zai riƙa komawa yana kuwwa. Shugaban zama ya fara da kiran sunayen waɗanda ke kan layi kafin na ɗaki, a naɗa mai rubutawa, kuma a hana sukar kowace shawara sai an gama zagayen farko. Kiran WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, shi kuma Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, saboda haka ka tsara zaman da sanin wannan.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa, ko da yake ba ka tambaya ba. Akwai masu zuba tsohuwar na'ura mai mataccen batir a sabon kwali, akwai kuma masu nuna maka lasifikar kiɗa su rantse cewa ta taro ce. Kada ka yarda a gwada maka da kiɗa. Ka haɗa ta da wayarka a cikin shagon, ka kira wani, ka ja da baya kamar taku huɗu ka yi magana a hankali, sannan ka tambaye shi ko yana jin ka kuma ko muryarsa tana dawo masa. Idan mai shago ya ƙi a buɗe kwali ko ya ƙi rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar na'urar, ka nufi wani shagon.