Shagon hayar kyamara a Jidda da aikina a gonakin wardi na Ɗa'ifa

Na jima ina son ɗaukar fim ɗin masu tsinkar furen wardi a Ɗa'ifa, amma kayana ba su kai ba. Lokacin furen gajere ne, Maris zuwa Afrilu, kuma da asuba ake tsinka, don in rana ta take ƙamshin yakan ragu. Ke nan sai da gilashin kyamara mai gani cikin duhu-duhu, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna. Wani abokina ne ya kai ni wani shagon haya a nan Jidda, na wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka.

Na nemi gilashi mai 70-200, irin mai janyo nesa kusa, da ƙafar kyamara na kwana uku. Bai miƙo ba sai da ya tambayi abin da zan ɗauka. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Ɗana, da me za ka kama muryarsu?" Na ce, "Baba, ai kyamarar tana da makirfo." Ya girgiza kai, ya ɗauko ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga da 'yar hular gashi da ake sa wa makirfon don kare iska, ya ce Ɗa'ifa kan duwatsu take, tsayinta ya haura mita 1,800, iskar Shafa kuwa, wani yanki na gonakin wardin, ba ta barin magana ta fito. Ya kuma ja kunnena kada in ɗora kyamara kan kowa sai da yardarsa, domin dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗauri har na shekara guda ko tara har riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da hoto.

Wallahi makirfon nan shi ne ya ceci aikina. Na maƙala wa wani mai tsinka da ya amince, ana jin ƙaras-ƙaras na yanke fure da farce, da numfashinsa cikin sanyi, da yadda yake salati ƙasa-ƙasa. Gilashin ma ya yi abin da aka ce. Kafin gari ya waye sosai na samu hannunsa kusa-kusa, duk sawun ƙaya a bayan yatsu, raɓa tana ɗiga daga buhun da ya rataya. Daga nan na bi furen har matsarsa, inda ake juye shi cikin tukwanen tagulla a tafasa, tururin ya bi bututu ya huce, man ya taso saman ruwa a kwashe shi a sayar da tola, ƙaramin ma'aunin turare.

A hanyar Hada, mai hawa dutse zuwa Ɗa'ifa, na tsaya wajen gwaggon birai. Dattijon ya riga ya ce in rufe gilashin mota, kada kuma in ajiye jaka a ƙasa. Daga nesa na ɗauki wata uwa da ɗanta manne a ciki tana lasar robar lemo da wani ya jefar. Abin ya dame ni, don masu jefa musu abinci daga mota su suka janyo su bakin titi.

Akwai inda shagon ya gaza. Cikin batir uku, ɗaya bai yi minti ashirin ba ya mutu, ga shi ina tsakiyar hira. Kan ƙafar kyamarar ma yana da lakwab-lakwab, sai da na riƙa dafe shi. Kuɗin ajiyar da ake riƙewa kuma yana da nauyi ga mai farawa. Da na yi ƙorafi bai yi musu ba, ya gwada batirin a gabana, ya cire mini kuɗin rabin yini.

Wanda zai je, ya gwada kowane batir tun a shago. Ni dai na riga na kama makirfon nan don kakar dabino a Madina.