Hattara da masu sayar da girin kat a WhatsApp

Jama'a, don Allah a yi hattara. Wasu sun cika Facebook da WhatsApp da talla, wai za su samo wa mutum takardar zama na dindindin a Amurka, wato girin kat, cikin wata uku, ba tare da ganawa a ofishin jakadanci ba. Saura ƙiris ƙanwata ta faɗa hannunsu. Sun turo mata hoton kati ɗauke da sunanta da fuskarta, suka ce ta biya rabin kuɗi a aiko mata da shi.

Abin da na zaunar da ita na faɗa mata shi zan faɗa muku. Izinin zaman yana cikin rajistar hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, katin shaida ce kawai. Jami'in filin jirgi zai ɗauki hoton yatsunka ya duba kwamfuta. In babu sunanka, roba kake riƙe da ita. Wanda kuma aka kama da takardun bogi, doka ta ba da damar a hana shi biza har ƙarshen rayuwarsa.

Har ce mata suka yi da katin ya iso ta zama 'yar ƙasa. Ƙarya ce tsagwaronta. Mai girin kat yana zama, yana aiki, yana biyan haraji, amma ba ya zaɓen shugaban ƙasa, kuma fasfon ƙasarsu yake riƙewa. Yawanci sai bayan shekara 5 yake neman zama ɗan ƙasa, ko 3 in ɗan ƙasar yake aure. Katin kansa yawanci duk shekara 10 ake sabunta shi, kuma wanda ya fita ya haura shekara a waje yana iya rasa izinin.

Ƙuri'ar bizar DV ma, wato ƙuri'ar gwamnatin Amurka ta samun girin kat, sun mayar da ita tarko. Gwamnatin Amurka ba ta aika wa kowa imel cewa ya ci. Da lambar da ka samu ranar cike fom kake dubawa da kanka, a shafin da ya ƙare da .gov. Kada ka bar wa ejan wannan lamba, don in sunanka ya fito zai riƙe ta sai ka fanso.

Kuɗin ƙanwata dai sun tsira. Abin da ke hana ni barci shi ne ta riga ta tura musu hoton fasfonta.