Adapalene ko benzoyl peroxide: wanne ya fi dacewa da ƙurajen fuskar da suka ƙi tafiya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambayi wanne za ki saya don ƙurajen fuskarki da suka ƙi tafiya. Tsakanin adapalene da benzoyl peroxide, magungunan shafawa biyu da aka ambata miki, adapalene za ki saya, mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, muddin ba ki da juna biyu kuma ba kya neman samu a wannan tsakanin. Na yi amfani da duka biyun, amma dalilina bai tsaya ga cewa ɗaya ya karɓe ni ba. Aikin da kowannensu yake yi a fata daban ne, kuma irin ƙurajen da ke bin mace har bayan ta wuce shekara 25 sun fi buƙatar aikin adapalene.

Ƙurjin da kike gani yau a haɓarki ya daɗe da farawa. Makonni kafin ya fito, ƙofar gashin da ke wurin ta riga ta toshe da matattun ƙwayoyin fata waɗanda suka cakuɗe da maiƙon da fata ke fitarwa, sannan wata ƙwayar cuta da take zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa a cikin toshewar, daga nan sai kumburi da zafi da mugunya su biyo baya. Babban aikin benzoyl peroxide shi ne kashe wannan ƙwayar cutar, wato yana zuwa ne bayan ƙofar ta riga ta toshe. Shi kuwa adapalene, wanda yake daga dangin bitamin A, yana gyara yadda fata ke zubar da matattun ƙwayoyinta ne domin kada ƙofar ta toshe tun farko, kuma yana rage kumburi. Wannan ne ya sa ba a ɗiga shi a kan ƙurji ɗaya ɗaya. Duk wurin da ƙurajen suka saba fitowa ake shafa wa, har inda babu komai a yau.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu baƙar fata fiye da kowa. Ƙurji yakan yi mako guda ya baje, amma baƙin tabon da ya bari sai ya shafe watanni yana nan, wani ma ya kai shekara, kuma kafin ya dushe wani sabon ya fito a gefensa. Idan kika dubi fuskar mafi yawanmu da ke kukan ƙuraje, za ki ga tabo ya fi ƙurajen kansu yawa. Saboda haka maganin da ya fi mana amfani shi ne wanda ke hana sabon ƙurji fitowa, domin duk ƙurjin da bai fito ba tabo ɗaya ne ya ragu. Adapalene yana kuma taimakawa tsofaffin tabo su dushe a hankali, tun da yana sa fata ta riƙa sabuntawa da wuri.

Ni nawa a muƙamuƙi da gefen wuya suke fitowa, manya masu zafi da ke ƙaruwa duk lokacin da al'ada ta kusa. Wata yayata da ta karanci harhaɗa magunguna ce ta miƙo mini bututun adapalene, ta ce kada in sake in yanke masa hukunci kafin wata uku, kuma kada in kira ta ina kuka a watan farko. Ta san abin da ta faɗa, domin a makonnin farko fuskata ta bushe, gefen baki da na hanci suka riƙa saɓa, kuma ƙananan ƙurajen da suke ɓoye suka fito fili, har mutanen gida suka fara tambayata ko wani sabon mai na canza. Na daure ne kawai don kunyar yayar tawa. Daga baya sai na lura al'ada ta zo ta wuce ban ji wannan dunƙulen mai zafi a ƙarƙashin fata ba, kuma a bikin ƙanina mai kwalliyar da ta saba cika mini fuska da hoda don rufe tabo ta tsaya tana tambayata abin da nake shafawa. Har yanzu akwai bututu a ɗakina, ina shafawa sau biyu ko uku a mako don kada su dawo.

Yadda ake shafa shi ne yake raba wadda za ta ci moriyarsa da wadda za ta jefar da shi tana tsinuwa. Da daddare ake shafawa, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, lokacin da kika tabbata ba za ki sake alwala ba sai da asuba. Ki wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ki bari ta bushe sarai, domin jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin jin raɗaɗinsa, sannan ki matso kamar girman ƙwayar wake ɗaya ki rarraba wa fuskar gaba ɗaya, ki kauce wa gefen ido da leɓe da kusurwar hanci. Ƙara yawansa ba ya ƙara saurin aikinsa, ƙuna kawai yake ƙarawa, ita kuma ƙuna a fatarmu baƙin tabo take zama. Ki fara da dare ɗaya a kowane kwana uku na tsawon mako biyu, sannan ki koma tsallake dare ɗaya, sai fatar ta saba kafin ki mayar da shi kullum. Idan a hunturu kika fara, to ki ƙara sassautawa, ki fara shafa man da ke riƙe danshin fata marar maiƙo sosai kafin ki ɗora maganin a kai. Da safe kuma lallai ne ki shafa man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko fiye, ko da kina sa niƙabi, domin rana tana ƙara wa tabo duhu, kuma fatar da ake shafa wa adapalene ta fi jin ta.

Yayin da kike kan maganin, ki ajiye dilka da halawa a fuska, domin fatar tana yin laushi har ta iya saɓulewa idan aka finciki gashi. Haka ma goge fuska da sukari ko lemon tsami ko man goge baki da ake ta yaɗawa, da yawan dirzawa da sabulun salo, duk suna ƙara fusata fatar da take neman lafawa. Ki duba man gashinki ma: idan ƙurajen sun fi yawa a goshi da gefen fuska inda ɗankwali ko hijabi ke taɓawa, sau da yawa man kitso ne da gumi ke gangarowa da shi, kuma man kwakwa ya yi suna wajen toshe ƙofofin gashin fuska. Sakamako na gaskiya yakan bayyana tsakanin mako 8 zuwa 12. Tun shekarar 2016 aka amince a Amurka a riƙa sayar da mai kashi 0.1 ba tare da takardar likita ba, wanda hakan ke nuna cewa an gamsu da amincinsa idan an bi ƙa'ida.

Shi benzoyl peroxide na sayi mai kashi 10, kuma kuɗin da na kashe sun ba ni haushi, domin ya busar mini da fuska ya kuma cinye launin rigar matashi da gefen hijabai biyu da nake so. Ban ce ba ya aiki ba. Yana busar da jajayen ƙuraje masu mugunya da sauri fiye da adapalene, kuma ƙwayar cutar ba ta sabawa da shi yadda take sabawa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Idan har za ki saya, ki nemi mai kashi 2.5, wanda amfaninsa ya yi kusa da na mai kashi 10 amma ƙunarsa ba ta kai ba, ki yi amfani da shi da safe a matsayin mataimaki bayan fatarki ta saba da adapalene, kuma ki ajiye shi nesa da zafi. A 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da janye kaɗan daga cikin kayayyakinsa da ta gwada saboda sinadarin benzene mai iya haddasa cutar daji, wanda zafi ke taimaka wa samuwarsa, mu kuwa mun san yadda ɗakunanmu ke zama a watan Afrilu.

Wuri ɗaya da zan juya shawarata shi ne juna biyu. Ba a shafa adapalene ko wani ɗan danginsa da ciki, kuma idan kika samu kina kan shafawa sai ki dakata ki sanar a wurin awo. A wannan halin likitoci sukan yarda da benzoyl peroxide a ɗan wuri kaɗan, ko azelaic acid mai kashi 15 zuwa 20, wanda shi ma yana da kyau wajen rage baƙin tabo.

Idan kika cika wata uku kina bin ƙa'ida ba ki ga sauyi ba, ko kuma ƙurajen manya ne masu zurfi da ke barin rami a fata, kada ki ci gaba da sauya mayuka, ki nemi likitan fata. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna duba cututtukan fata. Ki gaya wa likitan idan al'adarki tana wasa, ko gashi yana fito miki a haɓa, ko kina ƙiba ba dalili, domin waɗannan alamu idan suka haɗu da ƙurajen muƙamuƙi sukan nuna matsalar homon da ake kira PCOS, wadda babu man shafawar da zai magance ta shi kaɗai. Likita na iya rubuta maganin sha, kamar doxycycline na kimanin wata uku tare da na shafawa, ko spironolactone ga mata, ko isotretinoin idan abin ya yi tsanani. Wannan na ƙarshen yana nakasa ɗan tayi ƙwarai, saboda haka duk wanda ya miƙo miki shi a kan kanta ba tare da gwajin ciki da kulawar likita ba bai so ki da alheri ba. Shi ma doxycycline ba a mayar da shi abin sha na watanni barkatai yadda wasu ke yi, kuma ba a shan sa da ciki.

Ba ki tambaya ba, amma na san da zarar kin ce kina da ƙuraje masu tallan haɗi za su cika miki waya, don haka bari in ja miki kunne. Yawancin abin da ake kira haɗin ƙuraje, wanda ake zubawa a roba marar rubutu a ce zalla itatuwa ne babu sinadari, ana narka masa man sitiroyid ne irin su clobetasol ko betamethasone, wani lokaci da hydroquinone na bilicin. Alamarsa ita ce saurin aiki: cikin kwanaki kaɗan ƙuraje su kwanta, fuska ta yi haske da sheƙi, ki ɗauki hoto ki tura mata ita kuma ta yi talla da shi. Bayan wasu makonni ko watanni sai fatar ta yi siriri, ta riƙa ja da zafi idan rana ta taɓa ta, ƙananan jijiyoyi su bayyana, gashi ya tsiro, sannan wasu ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya su mamaye fuskar. Idan kika daina sai abin ya tashi fiye da da, ki koma wurinta ta ce fatarki ce ta saba, ta sayar miki da mai ƙarfi na biyu. Haka nan mayukan da ake ce wa masu aiki uku, waɗanda ake samu da arha a kemis, sitiroyid ne a cikinsu tare da maganin makero da na ƙwayoyin cuta, kuma ba don ƙurajen fuska aka yi su ba. Ki karanta jikin kwali, idan kika ga clobetasol ko betamethasone ki mayar. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kuma ta je wurin likita ya tsara mata yadda za ta janye, domin yankewa lokaci ɗaya yana da wahala.

Shi kansa adapalene ana yin jabunsa, musamman waɗanda suka yi suna irin Differin, kuma akwai masu matse shi a ƙananan robobi su ce sun rage miki tsada. Kada ki karɓi wanda aka fitar daga bututunsa. Ki saya a kantin magani mai rajista inda akwai mai harhaɗa magunguna, ki duba lambar NAFDAC, ki tabbata lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin kwali su ne a gindin bututun, kuma idan akwai wurin kankarewa ki kankare ki tura lambar tun kina tsaye a wurin. Ba dole ba ne sai mai tsadar da aka shigo da shi daga Turai ko Amurka; na kamfanonin Indiya masu rajista sinadari ɗaya ne da ƙarfi ɗaya, kuma bututu mai giram 30 zai kai ki har lokacin da za ki iya gane ko ya karɓe ki. Allah Ya ba ki lafiya.