Axios da kuskuren 401: yadda na same shi

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai na yi wa manhajar lissafin kaya da React (kayan aikin gina fuskar manhaja), kuma Axios, wani kayan aikin JavaScript, na ɗora wa aikin kai saƙo wurin sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai. Inda ya burge ni shi ne 401, amsar da sabar ke bayarwa in ba ta gane mutum ba, galibi don wa'adin token ɗinsa, wato shaidar shigarsa, ya ƙare. Da fetch, hanyar aika saƙo da ke zuwa a cikin burauza, 401 ba ya tayar da kuskure, sai ka duba kowace amsa da kanka. Axios kuwa yana ƙin duk amsar da lambarta ta fita daga 200 zuwa 299, wato lambobin nasara, sai interceptor guda, ɗan umarnin da ka rubuta don tare amsa kafin ta wuce, ya tsaya kamar maigadi: ya karɓo sabon token, ya sake tura buƙatar, yaron shago na shigar da kuɗin turmi bai ma lura ba.

Amma fa akwai aikin da ya bar maka. In neman sabon token ɗin shi ma ya dawo da 401, haka zai yi ta zagaye sai ka sa alamar tsayawa. Buƙatu da yawa suka faɗi tare? Layin jira kai za ka rubuta. 403 kuma daban ne: an san mutum, izini ne babu, kada a maida shi shafin shiga.