Shagon mai hular gashin tumaki a tsohuwar kasuwar Kruja

Tsohuwar kasuwar Kruja, wani gari a ƙasar Albaniya, lungu ɗaya ce tal mai daɓen duwatsu, tana hawa a hankali har ƙofar ganuwar garin, shagunan katako dama da hagu. Galibin abin da ke rataye a bakin shagunan tarkacen 'yan yawon buɗe ido ne: jar riga mai hoton gaggafa mai kai biyu, kofunan shayi, da ƙananan kwanukan zuba tokar taba da aka yi da siffar ramukan ɓuyar yaƙi na kankare da tsohon shugaban ƙasar, Enver Hoxha, ya cika Albaniya da su. Mai sauri zai ratsa kasuwar ya fita yana cewa ba komai a cikinta. Akwai kuwa. Akwai masaƙan darduma, akwai maƙeran azurfa, akwai kuma shagon da nake son in yi magana a kai, inda ake yin farar hular nan ta Albaniyawa da suke kira qeleshe, wasu kuma su ce plis.

Ba sai an nuna maka shagon ba, hancinka zai kai ka. Warin jiƙaƙƙen gashin tunkiya da sabulu ne ke fara tarbarka. Mai shagon dattijo ne, na ji maƙwabtansa suna ce masa Usta, ni ma na bi sahu. Ba ya tashi don baƙo ya shigo, ba kuma don raini ba, hannunsa ne ke cikin kumfa.

Abin da ya sa na ce shagon ya cancanci a je shi ne, a gaban idonka ake aikin. Hular ba ɗinki gare ta ba, ba saƙa ba, babu zare ko ɗaya a jikinta. Gashin tunkiya ne ake wankewa, a shiɓe shi ya yi laushi, a shimfiɗa, a yayyafa ruwan zafi, a goga sabulu, sannan a yi ta murza da tafin hannu har gashin ya kama juna ya zama abu ɗaya. Daga nan a kifa shi a kan dunƙulen katako mai siffar kai, a ja, a daddanna, a bar shi ya bushe. Aikin ƙarshe shi ya fi burge ni: Usta ya ɗauko reza yana aske hular kamar wanzami, yana kwashe gashin da ya miƙe har ta yi sumul. Katakan nan jere suke a kan kanta, sun yi baƙi saboda tsufa, kuma ba siffarsu ɗaya ba. Akwai mai zagaye kamar rabin ƙwai, akwai mai shafaffen sama, akwai doguwa. Kowane yanki da irin tasa, ta yadda a da ana ganin hular mutum a san daga inda ya fito.

Na nemi doguwar don ta fi kyau a ido. Ya dubi kaina, ya ƙi. Ya miƙo mini wata mai shafaffen sama, ya danna mini ita da hannu biyu, ta zauna daram. Ɗan kasuwar da zai hana ka mai tsada ya ba ka wadda ta dace da kai, ba kullum ake samunsa ba.

Magana kuwa da ƙyar. Usta ba ya jin Turanci, manhajar fassara ta wayata kuma ta yi ta kame-kame. Dalili shi ne harshen Albaniyanci manyan kare-kare biyu gare shi, Geg a arewa da Tosk a kudu, kogin Shkumbin ne iyakarsu. Daidaitaccen harshen da aka tsayar a 1972, wanda ake koyarwa a makaranta kuma na'ura ta sani, a kan Tosk aka gina shi, Kruja kuwa ƙasar Geg ce, dattijon kuma yadda ya tashi ya ji ana yi haka yake yi. Sai da ɗansa ya zo aka sami tafinta. Ga kuma wata: tsofaffi da yawa a can girgiza kai suke yi idan sun yarda. Ka taya, ya girgiza kai, ka ɗauka albarka ya ce, alhali ya sallama.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne babban aibin shagon. Ba a rubuta farashi a jikin komai ba, ba a karɓar kati, kuma Usta da tsohon lissafi yake magana. Tun 1965 aka canja kuɗin ƙasar, lek goma na da suka koma lek ɗaya, amma har yau bakin mutane bai canja ba. Idan ya ce dubu goma, dubu ɗaya yake nufi. Ni ɗansa ya warware mini, amma baƙon da ya zo ba ɗan a kusa, ko dai ya gudu yana cewa an tsuga masa, ko kuma ya zaro ninki goma. Ban ga alamar dattijon zai karɓa ba, sai dai 'yar takarda mai lamba a jikin kowace hula da ta raba gardama. A ba shi biro ya rubuta, shi ke nan.

Ana cikin ciniki na ɗaga kai na ga kan tafarnuwa a ɗaure a saman ƙofa, da wata tsohuwar 'yar tsana da rana ta cinye. Na tambaya. Ɗan ya yi dariya ya ce aikin mahaifiyarsa ne, maganin mugun ido. Dordolec suke ce wa irin wannan, kuma da ka gane shi za ka yi ta ganinsa a hanyar Tirana, babban birnin ƙasar, musamman a saman gidajen da ba a gama ginawa ba: mutum-mutumi, ko 'yar tsanar yara, an rataye don idon mai hassada ya sauka a kanta maimakon gidan. Abin lura ne a ƙasar da gwamnati ta haramta addini ɗungurungum a 1967, ta rufe masallatai da coci-coci har zuwa 1990. An iya kulle ƙofar masallaci, ba a iya cire tafarnuwa daga saman ƙofar gida ba. Ɗan ya ce shi bai yarda da abin ba. Bai kuma sauke ta ba.

Karamci kam sai dai a yaba. Tun kafin in sayi komai aka ba ni kujera, aka kawo raki, barasarsu ta gida. Na dafa ƙirji na ce ba na sha, ba wanda ya ɓata rai, aka aika yaro ya kawo shayin ganyen dutse. Dokar gargajiyarsu ta arewa, Kanun ta Lekë Dukagjini, wadda wani limamin Katolika mai suna Shtjefën Gjeçovi ya tattara aka buga a 1933, ta ce gidan Ba'albaniye na Allah ne da baƙo. A shagon nan dai ba a littafi kawai maganar ta tsaya ba.

Hular tana da nata sharuɗɗa. Fara ce fat, datti ba ya ɓuya a jikinta, kuma warin tunkiya ya ɗan jima kafin ya sake ta. Tana da ɗumi ƙwarai, don mutanen duwatsu aka yi ta, ranar zafi ba ta sawuwa. Usta ya ja mini kunne kada ta ga injin wanki, in ba haka ba ta tsuke ta koma ta jariri. Na kuma sayi takalman ɗaka na irin gashin, su kam ban ji daɗinsu ba: ƙasansu na santsi a kan tayil, adon da aka ɗinka a sama kuma ya fara warwarewa da wuri. A bakin ƙofa akwai wasu huluna masu hoton gaggafa, marasa kauri, da alama ba aikin hannunsa ba ne. A wuce su a shiga ciki.

Daga Tirana tafiyar ba ta wuce sa'a guda a ƙaramar bas. A je da safe, domin da hantsi manyan motoci ke sauke jama'ar da suka zo ganin ganuwar da Skanderbeg, gwarzon yaƙin Albaniyawa, ya riƙe tun daga 1443, inda ya kori rundunar Daular Usmaniyya a 1450 da 1466 da 1467, da gidan tarihinsa da aka buɗe a 1982. Da sun cika lungun, Usta yakan ajiye reza ya koma miƙa kaya da karɓar kuɗi, shagon kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu.